Kifi na Takwas

Watan da maigidana ya rasu jinina ya hau, aka haɗo ni da magani kala uku daga asibiti, rubutun jikinsu ƙanana kamar sawun tururuwa. Ina zaune a bakin matattakala ina jujjuya kwalayen, sai matar da ƙofarta ke kallon tawa ta fito za ta yi shanya. Ta ajiye bokiti, ta karɓa, ta zaro biro ta zana rana a kwali ɗaya, wata a na biyu, na uku ta zana masa cokali, wato sai na ci abinci. Ita ce Anti Kemis.

Sunan daga aikinta ya fito. Shekara talatin da ɗaya ta yi a bayan kantar wani shagon magani, tana zuba ƙwayoyi a faranti tana jan su biyar-biyar. Abin alfaharinta a duniya shi ne ba ta taɓa ba mutum sha tara a maimakon ashirin ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta ɗaya, yana can wata unguwa da matarsa, kuma kullum maganarsa ta dawo wurinsu.

Da ta ajiye aiki sai ya kawo mata akwatin gilashi na kiwon kifi, da yashi a ƙasa, da ciyawar roba, da 'yar na'urar ɗumama ruwa, da ƙananan kifaye bakwai masu launi.

"Don ki sami abin ƙirgawa, Mama," in ji shi.

Ta yi dariya, amma kowace safiya sai ta ƙirga su.

Akwai abin da ba ta so a tayar. Mahaifiyarta tana da shekara sittin da uku ta fara cewa ta sayo bargo an sace, ta sayo tukunya an ɗauke, alhali ba ta sayi komai ba. Ƙarshenta ɗaki ne da ake kullewa ta waje. Shekara huɗu Anti Kemis ce ke murza makullin da hannunta, tana jin tsohuwar tana buga ƙofa tana kiran sunanta. Yanzu ga ta ita ma da sittin da biyu.

Wata Talata ta je shagon mai kifi ta sayo na takwas, ɗan siriri mai zanen baƙi da ruwan ɗorawa, tsawon yatsa. Ta juye shi daga leda cikin akwatin, ta ga ya sulale ƙasan ruwan, ta tafi ta yi la'asar. Washegari ta ƙirga, bakwai. Ta goge tabarau ta sake, bakwai. Ta duba bayan kujera ko ya yi tsalle, ta ɗaga labule, ta leƙa har cikin takalmanta.

Da rana surukarta ta zo gaishe ta, ta tarar da ita a durƙushe da tocila.

"Mama, lafiya?"

"Kifina ne. Sabon da na sayo jiya."

Surukar ta leƙa gilashin ta ce, "Ai bakwai ne, kamar yadda muka kawo. Ko dai ya tafi ganin dangi?" Ta yi dariya, sai ta ga uwar mijinta ba ta yi ba. Ta rage murya. "Mama, kin tabbata kin saya ɗin?"

Ba da mugunta ta faɗa ba. Amma da irin wannan lallausar muryar ita ma Anti Kemis take tambayar mahaifiyarta a da.

Ta nemi ledar, masu shara sun kwashe tun safe. Rasit kuwa ba a ba ta ba. Ta sa mayafi ta koma shagon mai kifi, ta tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabcinsa mai gyaran waya ya ce ya yi tafiya sai mako mai zuwa. A hanyar dawowa ta riƙa tuno launin rigar mai kifin. Shuɗiya ce, a'a, fara. Tana tunowa abin yana ƙara zame mata. Kafin ta iso gida ɗanta ya kira.

"Mama, na ji labarin kifi. Kar ki damu kanki. Asabar zan zo mu je a ɗan duba ki, kuma ɗakin nan naki dai yana nan a gyare."

Ranar Alhamis da hantsi ta ƙwanƙwasa min ƙofa. Ban taɓa ganin ta ba ɗankwali ba sai ranar.

"Maƙwabciya, Talata kin gan ni da leda?"

Na so in ce na gani, Allah ya sani. Amma ban gani ba, na faɗa mata gaskiya. Ta jingina da bango, ta ce in zo in riƙe mata baho.

Ita a saninta, in lissafi ya ƙi fita, juye farantin ake yi a fara daga farko. Haka ta yi wa akwatin. Ta kamo kifayen ɗaya bayan ɗaya da 'yar raga tana sakawa a bahon da na tara da ruwan famfo, tana ƙirgawa a fili. Bakwai. Ta fitar da ciyawar, ta girgiza kowace. Ta kwance na'urar ta leƙa cikinta. Ta kwashe ruwan da kofi har ya rage yashi jiƙaƙƙe kawai. Ta tsaya tana kallonsa.

"Shi ke nan," ta ce a hankali. "Haka Inna ta fara."

Na ce, "Anti, yashin fa?"

"Kifi ne ko gyaɗa, da zai shiga ƙasa?"

Duk da haka ta ɗauko rariya daga kicin. Tafi na farko, ba komai. Na biyu, na uku, har na daina ƙirgawa. Can wajen kusurwa ta ɗebo wani, ta zuba masa ruwa, sai ga abu yana wutsil-wutsil a cikin rariyar, baƙi da ruwan ɗorawa. Ashe irinsa a cikin yashi yake ɓuya. Ta zauna daɓas a ƙasa cikin ruwan da ya zube, tana alhamdulillahi tana kuka, tana zagin kifin da ɗan banza mara mutunci.

Sanyin ruwan famfon ya kashe mata biyu daga cikin tsofaffin kafin yamma. Ba ta ko yi ƙorafi ba. Ta ɗauki hoton siririn a waya ta aika wa ɗanta, aka fasa zuwa asibiti.

Amma tsoron bai bar ta ba. Muna goge ƙasa ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Maƙwabciya, yau na tsira, gobe ban sani ba. Ke kina lura da abubuwa. Don Allah, ranar da kika ga na fara da gaske, kar ki je wurin yaron nan. Ki zo ki faɗa min ni tukuna, tun ina iya ganewa."