Reshen da Ban Karyo Ba

Ni mai walda ne a Jikwoyi kafin in lalace, ina da sana'ata da mutuncina. Da guntayen rodi na fara, ina ɗauke su a wurin aikin mutane ina kai wa 'yan gwangwan. Da hannu ya saba, na koma cire murfin kwalbatin titi. Da rana tsaka nake yi, sanye da rigar ma'aikata mai ƙyalli, babu mai tambayata.

Duk ramin da na buɗe, sai na karyo reshe na cusa a ciki don masu wucewa su gani. Da wannan nake lallashin zuciyata, wai ni ɓarawo ne mai imani.

Ranar da abin ya faru, a hanyar Kurudu, hadari ya haɗo ina sauri. Na cire murfin na ɗora a baro, na dubi bishiyar da zan karyo reshe tana tsallaken titi, na yi tsaki na tura barona. Ruwa ya sauko ya shafe ramin.

Ban yi nisa ba na ji ƙara. Wani dattijo manomi, Baba Danjuma, ya ɗauko doya a babur. Tayar gaba ta faɗa ramin, ya tashi sama, kansa ya daki siminti ya fashe. Na ga jininsa yana bin ruwa, ƙafarsa na harbawa har ta daina. Jama'a suka gan ni da murfin. Da duwatsu da gora suka rufe ni, suka zubar min da haƙora, suka fasa min ido ɗaya. An rataya min taya za a cinna min wuta sannan 'yan sanda suka iso.

A kotu lauyana ya ce sakaci ne, ban hango abin da zai faru ba. Sai mai gabatar da ƙara ya tambaye ni me ya sa nake saka reshe a sauran ramukan.

Na ce, "Don kada wani ya faɗa."

Ya ce, "Ashe ka sani."

Alƙali ya ce mai sakaci bai ga haɗarin ba, mai ganganci kuwa ya gani ya wuce. Da bakina na ɗaure kaina, na yi shekaru a gidan yari.

Na fito, na tuba, na koma walda da ido ɗaya, amma kunyar iyalan Baba Danjuma ba ta sake ni ba. Samari, ku bar kayan da ba naku ba. Kuma duk ranar da zuciyarku ta ce wani zai iya mutuwa, ku tsaya nan. Tawa ta faɗa min, bishiyar kuma taku goma ce kawai.