Kusurwa ta Huɗu

Shekara arba'in da ɗoriya mai surfanin nan ya yi a shagonsa mai taga ɗaya, bai taɓa sakin aiki a karkace ba. In fure ya fito a hagu, dole ɗan'uwansa ya fito a dama. Ido ya fara dushewa, amma yatsu sun haddace hanya.

Autarsa ta samu aiki a sashen talla na wani kamfanin manhajar waya, gwajin wata uku. Da baje koli ya matso, aka shiga neman kyautar da za a raba wa jama'a. Kowa ya ce biro da hula. Ita ta ce jakar yadi, a ɗinka mata da baƙin zare tambarin nan mai ɗige-ɗige, wanda in an haska shi da waya manhajar take buɗewa. Shugabarta ta yarda, amma ta ja mata kunne: in abin ya kwaɓe, a bakin aikinta. Autar ta kai wa mahaifinta zanen a takarda, jaka tamanin.

Ana jibi baje koli ta iso shagon da hantsi. Jakunkuna na jere a kan tebur, fari da baƙi, kamar zabbi sun kwanta. Ta haska ta farko, wayar ta yi shiru. Ta goge gilashin da bakin mayafi, ta koma jikin taga, ta gwada ta biyu, ta goma. Duk shiru.

"Baba, me ka taɓa a zanen nan?"

"Gyara na yi, uwata. Kusurwa uku da ɗan akwati, ta huɗu fayau. Mai zanen ya manta, na cike masa."

"Wayyo Baba! Da ukun nan waya take gane sama da ƙasa. Ka ba ta huɗu, ta rikice."

"To wace irin waya ce ba ta son abu ya daidaita?"

Ba ta yi dariya ba. Ganin haka, tsohon ya sauke ƙafarsa daga kan keken ɗinki. Tun tana goye rabon da ya ji tsoro irin wannan.

Wayar ta yi ƙara, shugabarta ce. "Ƙanwata, jakunkuna fa? Direba zai zo jibi da safe."

Ta dubi mahaifinta. Ya riga ya ɗauko reza.

"Za su iso, ranki ya daɗe," ta ce wa shugabar.

Ya shiga farke ɗinkinsa, zare bayan zare, ita tana tsince burbushin. Ya ɗora takardar a gwiwa ya bi ta ɗigo-ɗigo, bai ƙara ba, bai rage ba. Da ya gama ta farko ya miƙa mata yana kallon bango. Ta haska. Wayar ta yi jim, sannan manhajar ta buɗe.

"Mummuna dai," in ji shi. "Miƙo ta biyu."

Saba'in da ɗaya suka gama kafin direba ya yi hon, tara kuwa reza ta huda yadin. Duk yinin baje kolin yana zaune a bakin shago bai zura ko allura ba, in mota ta rage gudu sai ya miƙe. Sai bayan la'asar ta kira, muryarta a dishe, ta ce jakunkuna sun ƙare tun azahar, shugabarta kuma ta ce ta shirya wasu ɗari biyu na wata mai zuwa.

"Masu kusurwa ukun?"

"Su, Baba."

Ya yi ajiyar zuciya, ya tashi neman tabaransa.