Malam Sunusi, Mai Ajiyar Muryoyi

Da hantsi, kafin 'yan acaɓa su cika bakin kasuwar Kafin Maiyaƙi da hayaniya, Malam Sunusi Mai Rediyo ya riga ya share ƙofar shagonsa, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa buhu a inuwa. Baƙo zai zaci kayan sayarwa zai baza. Ina. Kwali guda na tsofaffin kaset zai ɗauko daga ɗakin baya, ya jera su su sha iska, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tsumma, ya zura biro a ramin kowanne ya juya zaren don kada ya manne. Gobe kuma wani kwalin ne. Sai ya gama wannan hidima yake waiwayar masu kawo gyaran rediyo, waɗanda su ne abincinsa, kuma sun daɗe da sanin cewa su ne na biyu a layi.

Shekara arba'in da uku ke nan yana haka. A ƙarshen watan nan zai rufe shagon, saboda ido ya yi rauni, ƙananan kusoshin rediyo sun fara yi masa ɓuya. Ba za a yi taro ba, ba wanda zai ba shi lambar yabo. Shi ya sa na ga bai kamata a bar mutumin nan ya kulle ƙofa shiru ba.

Ɗakin bayan nan ba kaset kaɗai ke ciki ba. Akwai gangar noma wadda fatarta ta yi baƙi don shan hannu, da kukuma biyu, da ƙahon mafarauta, da hular wani mai kalangu, da littattafan waƙa na ajami da aka ɗinke da zare. Duk kayan makaɗa da mawaƙan ƙauyukanmu ne, daga Bebeji har Doguwa, mutanen da ba su taɓa shiga gidan rediyo ba balle a san da su a birni. Amma abin da ya fi ji da shi wani babban littafi ne mai baƙin bango. Yawancin mawaƙan nan ba su iya sa hannu ba, don haka duk wanda ya ba shi kaset ko kayan kiɗa, sai Malam Sunusi ya buɗe gwangwanin tawadar hatimi ya sa shi ya dangwala babban yatsansa. A ƙarƙashi sai ya rubuta sunan da aka san mutumin da shi a fili, da lambar kaset ɗinsa. Yatsu ɗari biyu da 'yan kai ne a littafin, kuma mafi yawan masu su suna ƙasa.

An sha yi masa dariya, ba kaɗan ba. Maƙwabtansa na kasuwa sun laƙaba masa Sarkin Bola. Matarsa Badiyya ta taɓa cewa da a ce kaset na haihuwa, da tuni sun kore su daga gidan. Duk da haka ita ce ta saɓa rikoda a ƙarƙashin mayafi ta shiga wani gida a Ba'awa inda namiji ba ya shiga, ta ɗauko muryar Tani mai shantu, ta kuma fito da dangwalenta a takarda. Direbobin hanyar Doguwa kuwa har yau suna ba da labarin ranar da suka gan shi tsakiyar damina yana tura babur a taɓo, da garaya ɗaure a baya kamar goyo. Labari ya je masa cewa wani tsohon makaɗin mafarauta ya rasu, magada kuma sun jingine garayar a jikin murhu tare da itace. Da ya isa, sai da ya roƙe su kamar mai neman aure kafin suka yarda cewa da gaske wannan tarkacen yake so.

Kai ne, Malam Sunusi, ka ga daraja a abin da masu shi suka raina. Kai ne ba ka taɓa kaɗa ganga ba, waƙa kuwa ko a banɗaki ba a so a ji taka, amma ba don kai ba da rabin kiɗan ƙasar nan ya bi masu shi kabari.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai shi ne zancen Iya Asibi.

Bara, bayan an gama girbi, wata malamar firamare mai suna Rumaisa ta zo shagon da kakarta Iya Asibi, tsohuwa da ta haura tamanin. Daga Sabon Gangare suke, ƙauyen da aka tsugunar da mutanen Gangaren Kanya lokacin da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye garinsu. Malam Sunusi ya ba tsohuwar kujerarsa, ya durƙusa suka gaisa, aka tambayi hanya da mutanen gida. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Malam, an ce kana ajiyar muryoyin mutane. Mai gidana makaɗin noma ne, ya rasu shekara kusan arba'in. Fuskarsa ina ganinta har gobe. Muryar ce ta ɓace mini. Na nema a kaina na rasa, kuma ba na so in tafi ban tuna ba."

"Allah ya jiƙansa, Iya. Mene ne sunansa?"

Tsohuwa ta sunkuyar da kai ta ja bakin mayafi. Tun da aka kai ta ɗakinsa ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, ba kuma a tsakiyar kasuwa za ta fara ba. Rumaisa ce ta ce, "Abdullahi, Baba."

Ya buɗe littafi ya bi shi shafi-shafi, babu Abdullahi ko ɗaya. A nan ya gane kuskuren da ya shekara arba'in yana yi: sunan fili yake rubutawa, wanda maza ke kiran makaɗi da shi a wajen gayya, ba sunan yanka ba, ba kuma garin mutum ba. Ya tambayi Iya ko ta san laƙabinsa. Ta ce ita tana cikin gida, ina za ta san abin da ake kiransa a gona? Makaɗan noma goma sha ɗaya ne a littafin, ba kuma yadda zai gane wanne ne. Ransa ya ɓaci, ya ji kunya ƙwarai.

Rumaisa ta fara tattara jaka. Sai tsohuwar ta miƙa hannu ta ce, "Waɗannan baƙaƙen tabon fa?"

"Yatsunsu ne, Iya."

"Matso mini da shi."

Ta ɗora littafin a cinya, ta kawo shi dab da ido, tana buɗewa a hankali. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, yatsu kawai take kallo. A wajen shafi na talatin ta tsaya. Dangwalen da ke wurin yana da farin layi da ya raba shi biyu a karkace.

"Ga shi nan," in ji ta. "Lauje ne ya yanke shi shekarar da muka tashi. Ni na ɗaure masa."

A ƙarƙashi an rubuta Baturen Gayya, kaset na sittin da huɗu. Nan take Malam Sunusi ya tuna da wani dogon mutum mai hasken fata da ya taɓa kawo masa gyaran rikoda, ya zare kaset daga ciki ya ce, "Ajiye wannan a wurinka, garinmu ne a ciki. In na bar shi a gida yara za su warware shi su yi wasa." Murna ba ta daɗe ba, don ya san inda sittin da huɗu yake. Yana cikin kwalin da yake kira na majinyata, waɗanda yoyon kwano ya jiƙa wata damina. Zaren ya yi fumfuna ya manne wuri guda, in aka sa shi a rikoda haka nan tsinkewa zai yi.

Bai ɓoye mata ba. Ya ce, "Iya, muryar tana nan, amma ba ta da lafiya. Ki ba ni lokaci."

"Lokacin ba a hannuna yake ba, Malam. Amma ka yi abin da za ka iya."

Kwana goma sha tara ya yi a kan kaset ɗin nan. Ya kwance kusoshinsa, ya sa zaren a sabuwar tukunya da gawayi a gefe don ya tsotse laima. Kullum da hantsi, lokacin da idonsa ya fi gani, sai ya ɓamɓaro kamu biyu ko uku da tsinken ashana, ya share da auduga, ya naɗe a wani gidan kaset. Sau biyu zaren ya tsinke, ya daidaita bakin da reza ya haɗa da jan farcen Badiyya. Masu rediyo suka yi ta zarya suna tafiya da fushi. Da ya gama, abokansa suka ce ya gwada mana a ji. Ya ƙi. Ya ce zaren ya yi laushi, mai yiwuwa sau ɗaya kawai zai iya wucewa ta rikoda, kuma wannan sau ɗayan ba nasa ba ne.

Ranar wata Asabar ya ɗaure rikoda a babur, ya sayi sabon batir, ya nufi Sabon Gangare. Rumaisa ta riga ta baza labari. Ya tarar da gari a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gidan Iya, tsofaffi a tabarma, masunta sun bar komarsu, masu noman rani sun baro fadama da taɓo a ƙafa. Ya sa duk mai waya ya matso da ita kusa da rikoda ya danna ɗauka. Shi kuma ya yi bisimilla ya danna rikoda.

Da farko shuu kawai ake ji. Can sai ganga ta shigo, sai murya, kakkaura mai ɗan kaushi. Ashe ba waƙar gayya ba ce irin wadda aka saba. Mutumin yana zaune ne a zaurensa na sabon gari yana zagaya tsohon garin da baki, gida-gida, daga ƙofar gabas. Ya gai da Habu maƙeri, ya ce katangarsu ɗaya da masu rini. Ya wuce masallaci, ya sha kwana a gindin kanya, ya gangara rijiya, yana kiran kowane mai gida da sunansa da sana'arsa.

Baba Ja'afar mai unguwa, wanda ya baro garin yana saurayi, ya miƙe da sandarsa ya fara zane a ƙasa. Duk gidan da aka kira sai ya ja masa layi. Wani tsoho ya ce a'a, rijiyar ta fi nan kusa da masallaci, ya goge da ƙafa ya gyara. Kafin a kai rabi, Gangaren Kanya ta fito a ƙasa da lungunanta, samarin da kullum suke wucewa ta samanta a kwalekwale sun zagaye ta suna tambaya, "Namu fa, Baba? Ina namu?" Duk wanda aka kira kakansa sai ka ji ya ce Allahu akbar a hankali. Wurin haɗin zare na farko ya wuce, na biyu ma ya wuce da ɗan tari. Malam Sunusi bai ɗaga ido daga kan zaren ba.

Iya Asibi kuwa ta rufe ido, ta karkata kunne.

Gida na ƙarshe shi ne na mawaƙin. Ya kira shi, ganga ta tsaya. Aka ji ya ajiye sandar kiɗa, ya yi gyaran murya, sannan da muryarsa ta gida, ba ta waƙa ba, ya ce, "Asibi, miƙo ruwa mana, maƙoshi ya bushe."

"Na'am, ga ni nan," in ji tsohuwar.

Kafin kowa ya ankara ta dafa ƙasa ta tashi, ta shige gida. Ba wanda ya tare ta. Ta fito da moɗa cike da ruwa a hannu biyu, ta tsaya a gaban rikoda, wadda ta riga ta yi shiru. Ta daɗe a tsaye. Sai ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta, ta juya ta miƙa wa Malam Sunusi.

"Sha, Malam. Kai ka kawo shi."

Ya karɓa da hannu biyu ya shanye. Ya gaya mini cewa a shekara arba'in da uku ba a taɓa biyansa kamar ranar ba.

Wayoyi sama da talatin ne suka ɗauki waƙar. Yau in ka je bakin dam za ka ji ta tana tashi daga kwalekwalen masunta, a saman gidajen da take kira. Mutanen Sabon Gangare sun kai masa kwano da katako sun sake rufin ɗakin baya, Rumaisa da wasu malamai biyu kuma suna zuwa duk Asabar suna kwashe kaset ɗin zuwa kwamfuta. Ya sa an ƙara layi biyu a ƙarƙashin kowane yatsa, sunan yanka da sunan gari. Waɗanda suka ce masa Sarkin Bola yanzu su ke raka baƙi ƙofar shagonsa, har da ƙari a labarin.

Mun gode, Malam Sunusi. Mun gode da taɓon hanyar Doguwa, da dariyar da ka haɗiye, da idon da ka ƙarar a kan zaren da ba naka ba. Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi, ya saka wa Badiyya da ta yi haƙuri da ku kai da kwalayenka.

Mu kuma da muka rage, aikin bai fi ƙarfinmu ba. Akwai tsoho a unguwarku da ya iya waƙar da ba wanda ya iya, ga waya a aljihunka: je ka gaishe shi, ka ɗauka, ka rubuta sunansa da garinsa. In kuma kana share ɗakin mahaifinka ka ci karo da tsohon kaset mai ƙura, kada ka kai shi bola. Wataƙila akwai wadda ta shekara arba'in tana jiran a kira sunanta a ciki.