Ranar da manhajata ta kayar da aji guda

Jama'a, yau manhajata ta kayar da aji guda a jarrabawar lissafi.

Kun san wadda na rubuta wa wata Islamiyya a Ƙofar Marusa. Malami zai shigar da tambaya, misali 3x + 5 = 20, ita kuma ta fitar da amsa ta ba ɗalibai maki. Da hantsi Malam Lawal mai koyar da lissafi ya kira ni. Ya ce, "Injiniya, kowa ya ci sifili, kuma gobe iyaye za su karɓi sakamako."

Na gwada a kwamfutata, lafiya lau. Na bi aikin layi-layi, musamman inda take mayar da rubutu lamba. Ban ga komai ba. Na tari ɗan acaɓa sai makaranta.

Na ce, "Malam, don Allah rubuta tambaya ɗaya ina gani."

Ya ɗauko wayarsa ya rubuta waccan ta 3x + 5 = 20. Ukun da biyar ɗin da ashirin ɗin, duk da lambobin Larabci! Ashe da su yake rubutu kullum. Manhajar ba ta san su ba, ni kuma da hannuna na sa duk abin da ba ta gane ba ta ɗauke shi sifili. Shi ya sa amsarta ta saɓa da ta kowane ɗalibi.

Na ce, "Malam, lambobin boko kawai take karantawa."

Ya ce, "Kuma ka kawo ta Islamiyya?"

Nan kan benci na zauna na koya mata lambobin goma. Maki ya dawo daidai.

Malam ya duba har ƙasa, ya ce, "To, yara dai sun ci. Kai ne za ka maimaita aji."