Likitan Kyamara Ya Ajiye Sukundireba

Ƙarfe takwas na safe yake isowa. Shagonsa yana hawa na biyu a wani tsohon bene da ke tsakiyar kasuwar kayan lantarki, tsakanin wani tela da mai gyaran agogon da ya daɗe da komawa sayar da cajar waya. A da a guje yake hawa benen. Yanzu sai ya tsaya a tsakiya ya dafa ƙarfe ya huta, yana yi kamar saƙo yake dubawa a waya don kada tela ya samu abin tsokana. Idan ya buɗe ƙofa ba ya taɓa komai sai ya wanke hannu. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya kunna fitilar nan mai lanƙwasasshen wuya, ya jera ƙananan sukundireba da hantsaki da buroshi, sannan ya jawo tiren ƙanƙarar da ya ɗauke daga firjin matarsa shekara ashirin da suka wuce. A ramukan tiren yake zuba notunan da ya kwance, kowane rami da nasa, don ya san wanda zai fara komawa. Har yau uwargida ba ta yafe masa tiren ba.

Likita masu hoto suke ce masa, kuma sunan ya bi shi har gida. Shekara talatin da huɗu ke nan yana buɗe cikin kyamara, tun zamanin fim har aka zo na kati da batir. A ƙarshen watan nan zai rufe shagon, kuma babu wanda zai gaje shi. Ya gaji, ba ya ma ɓoyewa. Ido ya yi rauni, sai ya haɗa tabarau biyu kafin ya ga kan noti. Kayan gyara sun zama sai an yi wata ana cigiya. Wayar hannu ta cinye rabin sana'ar, sauran rabin kuma masu ƙera kyamara sun liƙe shi da gam, yadda in ka buɗe sai ka fasa. A bayansa akwai kanta cike da matattun kyamarori, daga nan yake ciro abin da zai raya wasu. Ya kan kalle su ya ce shi da su duk sallama suke jira.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ba gyaran ba ne kawai, domin masu gyara suna da yawa. Wata ɗabi'a ce tasa da duk mai hoto a garin nan ya sani. Kullum maganarsa ɗaya ce: kafin ka saya, ka kawo in gani. In aka kawo masa sabuwar kyamara ba ya fara kunna ta, ba ruwansa da kyan hoton tukuna. Murfin batir yake fara buɗewa, ya rufe, ya buɗe, ya rufe, sai ya yi sau ashirin yana sauraron ƙarar. Ya kai ta kunne ya girgiza a hankali. Ya riƙe ta da hannu biyu ya ɗan murɗa kamar mai matse wanki, ya ji ko jikin zai yi kuka. Ya juya ta ya leƙa ramin da ake ɗaura ta a kan ƙafafun tsayawa, ya ga ƙarfe ne ko roba aka yi wa fenti. Ya bi bakin kowace ƙofa da farce yana neman siririn danƙon da ke hana ruwa da ƙura shiga. Sai ya gama duk wannan zai ce a saya ko a mayar, kuma bai taɓa karɓar ko ruwan sha a kan wannan dubawa ba.

Masu shagunan ƙasa sun daɗe ba sa ga maciji da shi a kan haka. Matarsa ma ta sha gaya masa: "Ni dai ban taɓa ganin mai korar cinikin kansa ba sai kai, Malam. Ka bar mutane su sayi mai lalacewa mana, ai wurinka za su dawo." Sai ya ce, "Za su dawo, amma da wace fuska?" Wani tsohon mai hoton jarida ya ba ni labarin yadda kyamarar da Likita ya zaɓar masa ta faɗo daga kan babur ta yi ta gangarawa a kwalta, ya ɗauke ta ya ci gaba da aiki har wata shekara shida. Ya ce a duk shekarun nan sau biyu kacal ya hau benen, kuma duka gaisuwa ce ta kai shi.

Likita, kai ne ka koya wa masu hoton garin nan cewa lambobin da ake rubutawa a jikin kwali ba su ne kyamara ba. Kai ne mai cewa a fara tambaya ko za ta jure zufar hannu da faɗuwa da yayyafi, kafin a tambayi ko tana fitar da gashin ido.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai na watan nan ne, na wata mata da ɗalibai ke kira Anti Mai Hoto. Hoton makarantu take yi, na katin shaida da na rajistar jarrabawa, da shi take riƙe da 'ya'ya uku. Kyamara ɗaya gare ta, shekara goma sha ɗaya tana hannunta, kuma Likita ne ke lallaɓa ta duk tsawon lokacin. Wata babbar makaranta ta ba ta aikin ɗaukar ɗalibai sama da ɗari takwas cikin kwana biyu. Shugaban makarantar bai tauna mata magana ba: in aka samu tsaiko ko na rabin yini ne, wani zai ba aikin, kuma ba zai sake kiranta ba. Ta san sauran makarantun wannan suke kallo su bi. Saura mako biyu a fara, kyamarar ta ƙi dannuwa.

Ta hau benen tana haki ta ajiye masa ita a kan ƙyallen. "Baba, ta sake. Don Allah ka taimake ni, in aikin nan ya kuɓuce mini na shiga uku."

Ya buɗe ta. Ɗan labulen da ke ciki, wanda ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka danna, shi ne ya mutu. Yana da irinsa a jikin wata matacciya a kan kanta. Aiki ne da ya yi ba adadi, sai dai akwai wata siririyar waya kamar gashi da dole a zare ta a mayar ba tare da hannu ya motsa ba. Ya ɗauki hantsaki ya kai, hannun ya kama rawa. Ya ajiye, ya murza yatsunsa, ya sake ɗauka. Sau uku yana gwadawa. Ya san in ya matsa zai iya tsinka wayar, kuma in ya tsinka ya ce dama a tsinke take, babu mai ƙaryata shi. Ya kashe fitilar ya cire tabarau.

"'Yata, ba zan iya ba," in ji shi. "Ba kayan gyara ne babu ba, hannun ne ya ƙi. Ko na yi sa'a na haɗa ta, ba zan yarda ki shiga gaban ɗalibai ɗari takwas da ita ba. Ta gama aikinta. Sabuwa za ki nema."

Daga baya ta gaya mini cewa ba ta taɓa jin wannan magana daga bakinsa ba. Shi ma abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya daɗe yana kallon hannun nasa.

Washegari ta dawo da murnarta. Ƙaninta ya nuna mata wata kyamara a waya, ta je ta gan ta a shagon ƙasa: siririya, mara nauyi, allonta yana juyawa ta ko'ina, kwalin cike da manyan lambobi. Ta riga ta ƙwallafa rai a kanta. Likita bai yi gardama ba. Ya rufe shago, abin da ba ya yi da rana, ya bi ta suka sauka.

Mai shagon ƙasan yana hango shi ya dafe kai. "Baba, yau kuma? Wallahi ban yi cinikin fari ba tukuna."

"To ka kawo mai kyau mu yi maka," ya ce.

Aka fito da siririyar. Ta zaci zai karɓa, sai ya harɗe hannu a baya. "Ke za ki duba. Buɗe murfin batir."

Ta buɗe ta rufe. Ya ce ta sake. A karo na bakwai ta ji murfin yana ɗan wasa a hannunta. Ya ce ta murɗa jikin, ta ji ya yi ƙas-ƙas. Ta juya ta nemi kan noti ko ɗaya ba ta gani ba, duk gam ne. Ta bi bakin ƙofar kati da farce, babu danƙo.

"Amma Baba hotonta fa, ka ga yadda yake fita?"

"Na gani, yana da kyau. Ki sayi wannan in gidan biki za ki kai ta sau ɗaya a wata. Ke sau ɗari huɗu za ki danna a yini, a tsaye, hannu yana zufa. Ranar da murfin nan ya karye, wa za ki kai wa? Ni ba na nan."

Ya sa mai shago ya sauko da wata daga can saman kanta, tsohon yayi, baƙa, jikin ƙarfe, allonta a kafe. Ta ɗaga ta ta yamutsa fuska. "Wannan ai bulo ce. Wuyana zai tsinke."

"Wuya yana warkewa," ya ce. "Duba ta."

Ta yi mata duk abin da ta yi wa waccan. Murfin yana rufuwa da ƙara ɗaya, ta fari da ta ashirin duk iri ɗaya. Ta murɗa ba ta ji komai ba. Gurbin kati biyu gare ta, in ɗaya ya lalace hoton yana cikin ɗayan, batirinta kuma irin wanda ake samu a kowane shago. Ta saye ta, amma ranta bai so ba, har suka rabu ba ta yi masa wata doguwar godiya ba. Ya lura, bai damu ba, ya saba.

Ranar farko a makarantar aka yi lafiya, ban da ciwon wuya. Rana ta biyu, a barandar da aka kafa ƙyallen bango, hadari ya taso ana tsakiyar layi. Iska ta finciko ƙyallen da sandarsa, sandar ta doki ƙafafun kyamara, kyamarar ta kife a kan siminti, ruwan da ke fesowa daga gefe ya bi ta kai. Saura ɗalibai wajen ɗari uku, shugaban makaranta yana tsaye a ƙofar ofis yana kallo. Ta ce ta ɗauke ta, ta goge ta da gefen mayafi, ta ga kusurwa ta lotse fenti ya ɗaye. Ta rufe ido ta danna, ta ji ta ɗauka. Aka gyara ƙyalle aka ci gaba, kafin la'asar ta ɗauki ɗalibi na ƙarshe.

Ta zo shagon ana saura kwana biyu ya rufe. An riga an kwashe rabin kayan cikin kwalaye. Ta zayyana masa duk abin da ya faru, ta miƙa masa kyamarar ta ce ya duba mata ko wani abu ya taɓu a ciki. Ya juya ta, ya shafa inda ta lotse, ya danna sau biyu yana sauraro, ya goge gilashin ya miƙa mata.

"Baba, ko buɗewa ba ka yi ba."

"Babu abin da zan yi mata."

"Ka dai ƙara dubawa, don hankalina ya kwanta."

"'Yata, lafiyarta ƙalau. Ba ta bukatata, ke ma kin iya dubawa yanzu. Abin da nake so ke nan." Ya yi murmushi, sannan ya juya ya ci gaba da naɗe wayoyi a kwali, ya daɗe bai waiwayo ba. Ta ce a nan ta gane cewa tun ranar da ya harɗe hannu a baya yake yi mata sallama, ita kuma tana can tana fushin nauyin kyamara. Hawaye ya hana ta yin godiyar da ta zo da ita.

To bari mu yi a madadinta. Mun gode, Likita. Mun gode da ranar da ka ce ba za ka iya ba alhali ƙarya ta fi sauƙi, mun gode da shekarun da ka yi kana tura mutane wurin kayan da ba za su dawo da su teburinka ba. Allah ya huta gajiya, ya ba idon da hannun lafiya, ya sa ka ga alherin abin da ka yi a kan 'ya'yanka.

Sauran masu sana'a kuma, makanike da mai gyaran waya da mai sayar da injin ɗinki, ga abin koyi nan kusa da ku. In mutum ya zo da abin da yake ci da iyalinsa da shi, ku gaya masa wanda zai daɗe, ko da hakan na nufin ba zai sake tako ƙofarku ba. Ku kuma masu saye, daga makon gobe babu wanda za ku kai wa ya duba muku. Ku buɗe murfin batir ɗin da kanku, ku rufe, ku sake buɗewa, ku saurara.