Tsohuwar Tukunyar Kawu Tanka

Kawu Tanka ƙanin mahaifiyarmu ne. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa tankar ruwa, sunan ya bi shi har jikokin gidan ba su san yana da wani ba. Ba gajiya ce ta raba shi da tuƙi ba, ido ne. Da farko fitilun motoci suka fara zame masa biyu-biyu. Ranar da ya kusa take wani mai keke a bakin kasuwa, ya ajiye motar, ya miƙa makulli, ya dawo gida a ƙafa. Ba wanda ya kore shi.

Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa mata biyu suna aure a nesa, sai ya tare a gidan Inna, a ɗakin da ke bakin ƙofa. Shekara na zagayowa Inna ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi. Ƙasan gidan ya koma na tsofaffi biyu, ɗaya ba ta tashi, ɗaya ba ya ganin komai sai inuwa.

Aiki ɗaya ya rage wa Kawu a duniya, shayin safe. Ni mai walda ne, gidana layi biyu ne daga na Inna, kuma kullum nakan biya in sha kofi ɗaya kafin in buɗe shago, don haka na san yadda yake yinsa. Kayan suna kan kanta ɗaya, kowanne a gwangwaninsa, da girman gwangwani yake gane su. Zai zuba ruwa kofi biyu, ya daka ɗanyar citta a ɗan turminsa, ya jefa kanumfari huɗu, kirfa kamar gaɓar yatsa, masoro uku. Ba ya zuba madara sai cittar ta tafasa ta gaji, don ya ce ɗanyar citta tsinka madara take yi. Daga nan ganyen shayi, sai madara, sai sukari kaɗan.

Sannan ya sunkuyar da kai ya saurara. Shayinsa sai ya taso sau uku, kowane tasowa ya ɗaga tukunyar ya mayar. Mai ido da ido yake yi. Shi da kunne. Tukunyar ta alminiyam ce, siririya, gindinta baƙi ƙirin, a ƙarƙashin kujerar tanka ta yi rabin rayuwarta. Ƙarfe yake kirana saboda sana'ata. Ya taɓa ce min, "Saurara, Ƙarfe. Da farko tana tsaki. Sai ta koma gunaguni. In ta yi shiru, to madara ta kama hanya." Ni ban taɓa jin komai ba, injin yankan ƙarfe ya riga ya cinye min kunne.

Inna ba ta haɗiyar ƙwayoyinta na hawan jini da komai sai da wannan shayi. Kawu ne mai ba ta. Yakan laluba haɓarta da hannun hagu, ya kai cokali da na dama.

"Sukari," in ji Inna, da harshenta mai nauyi.

"Likita ya hana, Tsohuwa."

"Likita uwarka ce?"

"Ai uwarmu ɗaya, in kin zage ta ke kika sani."

Haka suke kowace safiya, shekara huɗu.

Wana yana zaune a saman benen gidan Inna da iyalinsa. Ciyaman ake ce masa, don ba kwamitin da aka taɓa kafawa a unguwar bai shugabance shi ba. In ya tashi yin jawabi a kan haƙƙin iyaye, mata har kuka suke yi. Matarsa ce ke yi wa Inna wanka da sauya shimfiɗa, ba ni da ƙorafi a kanta ko kaɗan. Shi kuwa ban taɓa ganin ya ɗauki ko fanteka ba.

Na tafi wani gari haɗa ƙarafan rufin wani sito, na yi kwana tara. Da na dawo na biya da safe, tun daga ƙofa na san da matsala, don babu ƙamshin citta. Kawu yana zaune a kan benci, hannuwa a kan gwiwa, kamar mai jiran mota. A kicin na tarar an ɗaure silindar gas da sarƙa da kwaɗo. Gefe ga butar lantarki sabuwa, ga kwalin shayin gari irin wanda ake farke leda a zuba ruwan zafi.

Matar Ciyaman ta ja ni gefe. "Kwana huɗu ke nan ba ta sha magani ba. In na kai mata wannan sai ta datse haƙora. Na niƙa ƙwayar a ruwa, ta tofo min a zane. Jiya kanta ya yi ta ciwo har ba ta buɗe ido."

Na leƙa ɗakin. Leɓen Inna ya bushe, ta juya fuska bango. Na san abin da kwana huɗu ba magani ke nufi ga wadda ta riga ta faɗi sau ɗaya.

Ciyaman yana saukowa daga bene yana ɗaura agogo na tare shi.

"Yaya, wa ya sa kwaɗo a gas?"

"Ni na sa. Kuma kafin ka ɗaga murya, ka ji. Sau biyu madara ta zube ta kashe wutar, gas yana fita, shi yana tsaye bai sani ba. Da uwar yara ba ta ji wari ba, da yanzu wani zance ake yi. Akwai yara a gidan nan. Tsufa ba laifi ba ne, amma wajibi ne mu fuskanci gaskiya a matsayinmu na iyali."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gaskiya ya faɗa. Na yi aiki da gas shekara ashirin, na san ba ya yafiya. Na koma kicin don kada in faɗi abin da zan yi nadama, sai idona ya faɗa kan murhu. Wata tukunya ce zaune a kai, mai sheƙi, mai kauri. Na ɗaga ta, nauyinta ya kai na guduma.

"Ina tukunyar Kawu?"

"Wannan tarkacen? Abokan aikina sun zo duba Inna, aka fito musu da shayi a cikinta, na rasa inda zan sa fuskata. Na ba 'yan gwangwan. Wannan gindinta biyu ne, ba ta ƙona abu, ga murfin gilashi, kana ganin komai."

"Ka sayo wa makaho tukunyar da ake kallo."

"Ka iya bakinka."

"Yaushe ka sauya ta?"

Ya ɗan yi lissafi. Kwana shida. Madara ta zube kwana biyu a jere, a na uku ya sa kwaɗo. Shekara huɗu ba ta taɓa zubewa ba. Ya tsaya yana kallona, na ga ya gane, amma sai ya duba agogo ya ce yana da taro.

Na fita wurin Kawu, shi ma ban ƙyale shi ba.

"Kawu, me ya hana ka faɗa?"

"In ce me?"

"Ka ce ba ka jin wannan tukunyar."

"Bebiya ce, gaskiya. Ba tsaki, ba gunaguni, sai dai ka ji zafi a yatsa. Amma yaro ya yi maka kyauta, ka ce ba ka so?"

"Yaron nan ya haura hamsin."

"A wurina yaro ne. Kai ma haka."

Ban buɗe shago ranar ba. Na san inda 'yan gwangwan na unguwarmu suke kai kaya, wani fili bayan tashar mota, wurin wani da muke ce wa Mai Sikeli. Ya nuna min tsibin alminiyam da ya fi ni tsawo, ya ce jibi mota za ta kwashe zuwa narkawa. Na tuɓe riga na hau. Tsofaffin firam na taga, murfin inji, tukwane ba iyaka. Rana ta take, na yanke a hannu sau biyu, Mai Sikeli yana zaune a inuwa yana tambayata ko zinariya na ɓoye a ciki. Bayan awa uku na same ta. An take ta da ƙafa don ta rage cin wuri, bakin ya haɗe, mariƙin babu. Da baƙin gindinta na gane ta, da wata lotsawa da ta samu tun zamanin tanka. Na bar wa Mai Sikeli alkawarin guntayen ƙarafan shagona na tafi.

Ba a sa wa siririn alminiyam wutar walda, narkewa zai yi. Na kifa ta a kan bakin bututu na yi ta bi da gudumar katako a hankali har ta buɗe. Na lanƙwasa mata sabon mariƙi, na ɗaure da ƙusoshi, na sa masa katako don kada ya ƙona hannu. Na cika ta da ruwa na ajiye, ba ta ɗiga ba.

Washegari ƙarfe shida na shiga gidan da tukunya a hannu ɗaya, injin yanka a ɗaya. Ban nemi makulli ba. Ƙarar yanka kwaɗon ce ta sauko da Ciyaman da singileti.

"Wane irin rashin tsari ne wannan? Ai da sai a zauna a tattauna."

"Ka zauna ka tattauna. Ni zan tsaya a nan. In madara ta taɓa wuta, da kaina zan ɗauke silindar in kai shago, ba za ka sake jin bakina ba."

Kawu ya karɓi tukunyar ya shafa ta ciki da waje, ya ƙwanƙwasa gindin da farce. Ya ɗora ta a murhu. Ya daka citta, ya ƙirga kanumfari, ya jira. Da ya zuba madara ya sunkuyar da kai, ni kuma na ɗora hannu a kan makunnin gas. Kumfa ta fara hawa. Ta wuce rabi, ta kai baki, Kawu bai motsa ba. Wani siririn layi ya gangaro ta gefe, sannan ya ɗaga. Layin ya tsaya a baƙin gindin, ya ƙone a nan, bai kai wuta ba.

"Muryarta ta dishe," in ji shi. "Ka buge ta da yawa, Ƙarfe. Amma ita ce."

Tasowa ta biyu ya ɗaga saura yatsa guda kumfar ta kai baki. Ta uku ma haka. Ya tace, ya ɗauki cokali, ya bi bango zuwa ɗakin Inna. Daga ƙofa na ji ta.

"Ina ka shiga?"

"Hutu na ɗauka, Tsohuwa. Buɗe baki."

Ta haɗiye ƙwayoyin uku, ta nemi ƙarin sukari, ya hana ta.

Ciyaman ya gyara murya a kan matakala ya ce ai dama abin da yake nufi ke nan, a riƙa yin komai da sa ido. Tun daga ranar ni ne mai sa idon. Kullum ƙarfe shida ina tsaye a kicin ɗin nan, hannuna kusa da makunni, shagona a rufe har bakwai da rabi, masu kawo gyara suna wucewa wurin maƙwabcina. Wata biyar ke nan madara ba ta zube ba.

Har yau Ciyaman bai buɗi baki ya ba Kawu haƙuri ba. Yana saukowa da kofinsa in ya ji ƙamshi, Kawu kuwa in ya gama da Inna shi yake fara zuba wa, wai shi ne babba. Na yi wa Kawu magana a kai sau ɗaya, ya ce in miƙo kofina kafin ya huce.