Mai Ɓamɓare Daɓen Kasuwa

Daga rumfar kifinta Liesbeth ke kallon wata mata da ba ta sani ba. Guntuwa ce mai furfura, riƙe da dogon ƙarfe. Mutanen unguwa na bayanta da shebur, za su cire duwatsun daɓen kasuwa don ruwan sama ya riƙa nutsewa.

Mai sayar da cuku ya tare ta. "Haba baiwar Allah, nan nake ajiye motata!"

"Nan kuma ta yi iyo a ambaliyar bara," in ji matar.

Liesbeth ta dubi hannun matar. Zoben aure biyu ne a yatsa ɗaya, irin na wadda mijinta ya rasu. Wataƙila ba mota kaɗai ambaliyar ta ci ba.

Ta soka ƙarfen ƙarƙashin dutsen da yake takawa.

"Ɗaga ƙafarka, maƙwabci."